Jonjo O'Neill: Barden da Ya Sauka daga Sirdi Ya Zama Shamaki

Da kaka ne, an gama karyar masara, auduga ta fara fashewa a gonakin da ke bakin hanyar Funtua zuwa Malumfashi, na kai wa kawuna ziyara. Kawu tsohon mahayi ne. Ya yi shekaru yana hawan sallah a tawagar Galadiman Katsina, kuma har yau da ƙafa ta yi nauyi, turken gidansa bai rabu da doki ba. Bayan la'asar muna zaune a zaure na ciro waya na ce, "Kawu, akwai wata sukuwar Turawa da nake so ku gani." Ya karɓa, ya ɗan nisanta ta da ido, ya duba. Da na gaya masa cewa dabbar da ke gaba goɗiya ce, sai ya ɗago kai ya ce, "Goɗiya? Namiji da hankalinsa a kan goɗiya?" Na ce, "Ku dai ku kalla, Kawu."

Minti shida da rabi ya yi bai ce uffan ba. Da aka zo ƙarshe, dawaki biyu sun wuce goɗiyar, kowa ya ɗauka ta sare, sai ga ta ta miƙa wuya ta sake taso musu a kan tudu. Kawu ya miƙe tsaye bai sani ba, hularsa ta karkace, yana ta faɗin "Kai! Kai! Kai!" Da ta tsallake layi ya koma ya zauna, ya yi ajiyar zuciya, ya ce, "Wannan yaron ya san zuciyar dabba. Kowa ya fid da rai, shi ya san tana da saura. Wane ne shi?"

Sunansa Jonjo O'Neill, goɗiyar kuma Dawn Run, wato gudun asuba. Tseren na shekarar 1986 ne. Ni kuwa tun ranar da na fara ganin wannan bidiyo ban daina bin labarin mutumin ba, kuma yabon gwani ya zama dole. A cikin mahayan da suka rataye sirdi suka koma horar da dawaki, ban ga wanda rayuwarsa ta cika ta batse kamar tasa ba.

Sai an san irin tseren kafin a gane girman abin da ya yi. Sukuwar da muka saba da ita, ko a filin sukuwa na Kano ko a bayan gari ranar biki, ta shimfiɗaɗɗen fili ce: a saki linzami, mai ƙafa ya ci. A Ingila da Ailan akwai wani tseren daban da ake yi da hunturu, cikin sanyi da taɓo, inda doki zai yi gudun kilomita uku zuwa bakwai yana tsallake shingaye. Ƙananan shingayen sun ɗan ɗara mita guda. Manyan, waɗanda ake yi da ɗaurin tsarage, sun kai ƙirjin babban mutum, wasu ma da rami a gabansu ko ruwa a bayansu. Doki mai nauyin buhun masara biyar zai tunkaro wannan shinge da gudun kusan kilomita hamsin a sa'a, ga wasu goma ko ashirin suna gogayya da shi hagu da dama. In ya tashi da wuri ya faɗa cikin shinge, in ya makara ya buga ƙirji. Aikin mahayi shi ne ya auna taku, ya kawo dokin daidai inda ya kamata ya tashi, kuma ya yi haka har sau ashirin ko talatin a dogon tsere. Faɗuwa kuwa ba a tambayar ko za ta zo, sai dai yaushe.

An haifi Jonjo ranar 13 ga Afrilu, 1952, a Castletownroche, wani ƙauye a yankin Cork na ƙasar Ailan. Ba ɗan sarauta ba ne, ba ɗan masu dawaki ba. Yaron ƙauye ne da son doki ya shiga jininsa, ya tafi koyon aiki a barga, ya fara daga kwashe kashi da ɗebo ruwa da goge jikin dabba, kamar yadda kowane yaron shamaki yake farawa a wurinmu. A farkon shekarun 1970 ya ƙetara zuwa arewacin Ingila, ya shiga bargar Gordon Richards a Greystoke. A kakar tsere ta 1977 zuwa 1978 ya ci tsere 149, ya karya tarihin da Ron Barry ya kafa da 125, ya zama zakaran mahaya na Birtaniya. A kakar 1979 zuwa 1980 ya sake ɗaukar kambin.

Lissafi bai isa ya nuna yadda yake hawa ba, sai an gani. Gajere ne, mai fara'a, ka gan shi a ƙasa ka ce ko kaza ba zai iya korewa ba. Da zarar ya sa ƙafa a likkafa sai ya zama wani mutum. Yana manne wa doki kamar an ɗinke su tare, kuma in tsere ya zo ƙarshe, kafaɗa da gwiwa da hannu duk aiki suke, har ka ga kamar shi ke ɗauke da dokin. Yaran gidan kallo na Funtua da ke haukacewa a kan ƙwallon Liverpool, da sun ga yadda wannan mutum yake kai doki layi, da sun san akwai wata jarumtar a ƙasar da suke so.

A watan Maris na kowace shekara ake taron Cheltenham, wanda a wurin masu wannan tsere ya yi daidai da hawan daushe a wurin Kanawa. Can ake gasa biyu da suka fi kowace daraja: Champion Hurdle, ta ƙananan shingaye mai neman zafin gudu, da Kofin Zinare, na manyan shingaye ashirin da biyu a tafiyar fiye da kilomita biyar, mai neman juriya. Filin yana ƙarewa da hawan tudu, kuma a kan wannan tudun ake gane doki mai zuciya. A 1979, ana zubar ƙanƙara, Jonjo ya ci Kofin Zinare a kan wani doki mai suna Alverton, na bargar Peter Easterby.

Murnar ba ta yi wata guda ba. Makonni biyu da 'yan kwanaki bayan nan aka kai Alverton tseren Grand National a filin Aintree, a gefen birnin Liverpool. Wannan shi ne tseren da ya fi kowane suna a duniya: shingaye talatin, kusan kilomita bakwai, kuma a wancan zamani dawaki har arba'in kan tashi tare. Cikin shingayen akwai wanda ake kira Becher's Brook, mugun wuri, domin ƙasar da ake dira a kanta ta fi wadda aka taso zurfi, doki kuwa ba ya ganin haka sai yana sama. Alverton yana tafiya lafiya lau, kowa na ganin shi zai ci, sai ya zo wannan shinge a zagaye na biyu ya faɗi, wuyansa ya karye, ya mutu nan take. Mahayin ya tashi da ƙafarsa, dokin da ya ɗaukaka shi bai tashi ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan gawar dabbar da ya saba da ita, ko da san noma ne, ya san irin wannan ɗacin.

A 1980 ya dawo Cheltenham a kan Sea Pigeon, tsohon doki mai wayo wanda in ya shiga gaba da wuri sai ya ɗauka aiki ya ƙare. Jonjo ya riƙe shi, ya ɓoye shi a bayan abokan hamayya, sai bayan shinge na ƙarshe ya sake shi, ya wuce Monksfield wanda ya kayar da shi shekara biyu a jere. Wannan hawa darasi ne na haƙuri. Mahayi mai ƙarfi da yawa ne, amma mai ƙarfin da ya san lokacin da zai riƙe ƙarfinsa, sai an tona.

A watan Oktoba na shekarar nan ya faɗi a filin Bangor, ƙafarsa ta rugurguje, har likitoci suka yi tunanin yanke ta. Yana jinya aka yi Champion Hurdle ta 1981, Sea Pigeon ya sake ci, amma John Francome ne a kansa. Wani da ya ga haka sai ya ce ya isa. Jonjo ya warke ya koma sirdi, kuma abin da ya fi komai girma a hawansa yana gaba.

Dawn Run goɗiya ce doguwa, mai faɗin ƙirji, mai taurin kai. Wata dattijuwa ce ke da ita, Charmian Hill, wadda tana da shekara sittin da ɗoriya ta hau ta da kanta a tserenta na farko-farko. Paddy Mullins ne ke horar da ita a Ailan. A 1984 Jonjo ya ci Champion Hurdle a kanta. Daga nan mai goɗiyar ta ce Kofin Zinare take so, abin da babu dokin da ya taɓa haɗawa da wancan. Kamar a ce wanda ya yi zakara a gudun mita ɗari huɗu ya koma ya yi zakara a gudun famfalaki. Ɗan mai horarwar, Tony Mullins, shi ne mahayinta na yau da kullum, amma da ta yar da shi a wani tsere a Cheltenham a farkon 1986, sai dattijuwar ta ce Jonjo take so.

Tseren da na nuna wa kawu ke nan. Karo na biyar ne kacal da goɗiyar ta tunkari manyan shingaye a gasa. Tun daga farko ta shiga gaba, wani doki mai suna Run and Skip ya manne mata, suka yi ta cin ƙarfin juna. Ta yi kuskure a shingen ruwa, ta buga wasu. Da aka zo shinge na ƙarshe, Wayward Lad da Forgive 'N Forget, wanda ya ci kofin shekara guda kafin nan, sun sha gabanta. A nan ne hankalin Jonjo ya yi aiki. Bai firgita ba, ya bar ta ta ja numfashi, ya gyara mata hanya, ya jira tudu. Wayward Lad ya fara karkata don gajiya, ita kuwa ta sunkuyar da kai ta taso. Ta kamo shi, ta jera da shi, ta wuce shi da tsawon doki guda. Tun daga ranar zuwa yau babu dabbar da ta sake haɗa waɗannan gasa biyu. Na kalli wannan tsere ya fi a ƙirga, kuma har yanzu in ta taso a kan tudun nan sai tsigar jikina ta tashi.

Akwai abin da ya biyo baya wanda ya ƙara mini son mutumin. Dubban 'yan Ailan sun cika filin karɓar kyauta, huluna na tashi sama, ana neman ɗaga shi. Sai ya nemo Tony Mullins, yaron da aka sauke aka ɗora shi, ya saɓa shi a kafaɗa a gaban jama'a. A ranar da duniya ta taru tana kiran sunansa, ya tuna da wanda zuciyarsa ke ciwo. Wannan shi ake kira mutumci, kuma ba a koyar da shi a barga. Wata uku bayan nan Dawn Run ta faɗi a wani tsere a filin Auteuil na Faransa, da wani mahayi a kanta, ta mutu. Mutum-mutuminta yana nan a Cheltenham, da Jonjo a bisa sirdinta.

A wannan shekara ta 1986 ya rataye bulala, bayan ya ci tsere 901. A shekarar kuma likitoci suka gaya masa yana da ciwon daji. Yana ɗan shekara talatin da huɗu, da iyali, da sabuwar barga da ya fara kafawa kusa da Penrith a arewacin Ingila. Ya sha magani mai azaba, gashinsa ya zube, jikinsa ya rame. Allah Ya yi da sauran kwana, ya tashi. A nan rayuwarsa ta biyu ta fara, kuma ita ce ta fi burge ni.

Mutane suna ɗauka duk gwanin hawa zai iya zama gwanin horarwa. Tarihin wannan tsere cike yake da manyan mahayan da suka gwada suka gaza, domin sana'o'in biyu ba halinsu ɗaya ba. Mahayi ɗan minti shida ne: ya hau, ya yi abin da zai yi, a tafa masa, ya sauka. Mai horarwa manomi ne. Shi ke tashi da asuba ya shafa ƙafar kowane doki ya ji ko akwai zafi. Shi ke duba kwano ya ga wanda bai cinye abincinsa ba. Shi ke sanin wanda zai yi kilisa yau, da wanda za a bari ya huta, da wanda sai an ba shi shekara biyu kafin ƙashinsa ya yi ƙwari. Yakan sayi dukushi ya yi ta ɗawainiya da shi shekara uku, rana ɗaya jijiya ta tsinke. Manomin auduga na Bakori ko Ƙafur, wanda ke shuka a watan Yuni, ya yi noma, ya yi feshi, ya zuba wa sama ido har Nuwamba, ya fi kowa sanin wannan zaman jira. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma duk abin da jama'a ke gani ranar tsere an gama shi ne a watannin da babu mai kallo.

Shekara goma sha biyar Jonjo ya yi a arewa yana koyon wannan haƙuri, da dawaki madaidaita da nasarori jefi-jefi. A 1990 ya ci wani tsere a taron sarauta na Ascot da Gipsy Fiddler, a 1991 ya samu nasararsa ta farko a Cheltenham a matsayin mai horarwa da Danny Connors. Sai a 2001 attajirin nan ɗan Ailan, J.P. McManus, wanda ake sanin dawakinsa da riga mai kore da ruwan zinare, ya damƙa masa Jackdaws Castle, katafariyar barga a tuddan Cotswolds, kusa da Cheltenham, mai hanyoyin kilisa a kan tudu har da kududdufin ninƙaya na dawaki. A kakarsa ta farko a can ya haura nasara ɗari, ya zama mutum na farko da ya ci tsere ɗari a kaka guda yana mahayi, ya kuma maimaita yana mai horarwa.

Daga nan sai gwanaye suka yi ta fitowa daga hannunsa. Iris's Gift ya kayar da zakaran Faransa, Baracouda, a Cheltenham a 2004. Albertas Run ya ci gasa a taron sau uku, a 2008 da 2010 da 2011. More Of That ya doke Annie Power da Big Buck's a 2014. Butler's Cabin da Shutthefrontdoor sun ɗauko masa babban tseren Ailan a 2007 da 2014. Ga kuma Wichita Lineman a 2009, dokin da ya yi ta tuntuɓe da shingaye tun daga farko, amma ya zo ya ci a taku na ƙarshe. Mahayinsa a ranar Tony McCoy ne, wanda ya riƙe kambin zakara shekara ashirin a jere. Haɗuwar waɗannan biyu abin kallo ce: tsohon zakara a ƙasa, sabon zakara a sama, kowa ya san ciwon da ɗan'uwansa ke ji. Nasarar McCoy ta dubu huɗu, a 2013, a kan dokin Jonjo ya same ta, haka ma hawansa na ƙarshe a 2015.

Amma akwai bashin da Aintree ke riƙe da shi. Duk hawan da Jonjo ya yi a Grand National, ko sau ɗaya bai taɓa kai wa ƙarshe ba. McCoy ma ya gwada sau goma sha huɗu bai ci ba. Dokin da suka kawo a 2010 kuwa, Don't Push It, ma'ana kada ka matsa, sunansa ya bi shi. Ba ya son zaman barga, ba ya son cuɗanya da 'yan'uwansa dawaki, in an takura masa sai ya lalace. Wani mai horarwa da ya sa masa ƙarfi, ko ya sayar da shi. Jonjo ya karanci halinsa, ya sake shi a makiyaya tare da tumaki, ya bar shi ya zauna yadda ransa ke so. Da na ba kawu wannan labari sai ya yi murmushi ya ce, "Haka ne. Wani dokin ba gero yake nema ba, abokin zama yake nema. Mu ma mukan ɗaure akuya kusa da mai ƙyuya."

Ranar 10 ga Afrilu, 2010, dokin tumakin nan ya tsallake shingaye talatin, ya haye Becher's Brook sau biyu lafiya, ya kamo Black Apalachi, ya bar shi da tsawon doki biyar. McCoy ya yi kuka a kan sirdi, a ƙarshen shekarar kuma ya zama mahayi na farko da BBC ta zaɓa gwarzon ɗan wasan shekara. Jonjo yana tsaye a ƙasa da murmushinsa, shekara talatin da ɗaya bayan ranar da ya bar Alverton kwance a filin nan. Abin da ya gagare shi da linzami a hannu, ya same shi da ƙafa a ƙasa. Ina ganin babu wata nasara a tarihinsa da ta kai wannan daɗi.

A 2012 ya cika ɗayan burin. Synchronised doki ne ƙarami, marar kwarjini, tsallensa ma ba mai kyan gani ba ne, an san shi ne da juriya a cikin taɓo. Jonjo ya yi ta hawa da shi mataki-mataki, daga tseren dogon zango na Wales zuwa babbar gasa a Ailan, har ya kai shi Kofin Zinare. McCoy ya yi ta tura shi tun tsakiyar tsere, kamar ba zai kai ba, amma da aka zo tudu sai ya ci gaba da tahowa yayin da sauran ke sanyi. Da wannan Jonjo ya shiga sahun 'yan tsirarun da suka ci kofin a kan sirdi suka kuma ci shi daga barga, irin su Fred Winter da Pat Taaffe.

Wata guda bayan nan, ƙaddara ta maimaita kanta yadda ko mai tatsuniya ba zai yi ƙarfin halin shiryawa ba. Aka kai Synchronised Aintree. Ya faɗi a Becher's Brook, ya tashi ya ci gaba da gudu ba mahayi, can gaba ya karya ƙafa, dole aka kashe shi don a raba shi da wahala. A cikin wannan tseren dai, wani dokin Jonjo, Sunnyhillboy, ya zo layi kafaɗa da kafaɗa da Neptune Collonges, sai da aka duba hoto aka ga an kayar da shi da tsinin hanci, rata mafi ƙanƙanta a tarihin gasar. Cikin minti goma ya rasa zakaransa, ya kuma rasa kofi. Shinge ɗaya, dawakin Kofin Zinare biyu, mutum ɗaya, shekara talatin da uku tsakani. Ba na ɓoye cewa wannan tsere yana cin rayukan dabbobi, kuma masoyinsa na gaskiya ba ya runtse ido a kan haka. Bayan abin da ya faru a 2012 an sauya cikin shingayen daga katako zuwa abu mai laushi, an rage tsawon tafiyar, daga 2024 kuma aka rage yawan dawaki zuwa 34. Jonjo ya yi jimami, ya koma gida, da asuba ya fito ya shafa ƙafafun waɗanda suka rage. Mai dabbobi ba ya da ranar makoki, domin masu rai na jiran ruwa.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ɗansa Jonjo ƙarami ya zama mahayi, ya ɗauki kambin zakaran masu tasowa a kakar 2019 zuwa 2020, a 2021 kuma ya ci babbar gasa a Newbury a kan Soaring Glory, dokin mahaifinsa. A 2024 wani ɗan nasa, A.J., ya shiga cikin lasisin horarwa tare da uban. Yaron ƙauyen da ya fara da kwashe kashin doki ya kafa gida.

Na san a can ƙasashen caca ta dabaibaye wannan wasa, kuma mu addininmu ya raba mu da ita. Abin da ya ja ni daban ne: doki, da mahayi, da amanar da ke tsakaninsu. Wannan kuwa gadonmu ne tun kafin mu ji sunan Ingila. Katsina ƙasar dawaki ce. Sarki Muhammadu Dikko ya kafa wasan folo a birnin, ɗansa Sarki Usman Nagogo ya yi suna a kansa har ƙasashen waje. Muna da shamakai, da barade, da masu sanin doki tun daga kalar gashinsa, akawal ne ko kili ko danda, har zuwa ciwon da ke kofatonsa. Abin da ke damuna shi ne inda wannan sani ke tafiya in mahayi ya tsufa. Sau nawa muka ga wanda ya yi tashe a sukuwa, ana kiɗa ana yi masa kirari, da gwiwa ta gaza sai a manta da shi a bakin kasuwa? Shi ya san yadda ake karya dukushi ba a karya masa zuciya ba. Shi ya san gwargwadon dusa da harawa da kanwa, da lokacin da doki ke bukatar hutu ba ƙaimi ba. Matasan da ke sayen dawaki yau a Funtua da Malumfashi da Ɗandume, su yi musu ado na dubban nairori don hawan sallah ko na angwanci, su kwana suna zamiya a kan kwalta har kofato ya tsage, da za su zauna gaban irin waɗannan dattawa da sun ga bambanci. Labarin Jonjo ya nuna cewa ranar da mahayi ya sauka, ranar ce iliminsa ya nuna, in an samu mai ba shi barga da amana kamar yadda McManus ya yi.

Duk mai waya ya nemi tsere uku ya kalla: Kofin Zinare na 1986, Grand National na 2010, da Kofin Zinare na 2012. A na farko zai ga mutumin a kan sirdi. A sauran biyun sai ya zuba ido sosai kafin ya hango shi a cikin taro, ɗan dattijo mai furfura yana murmushi a gefe, amma duk tsallen da dokin ya yi, hannunsa ne.

Da magariba ta gabato a ranar nan, kawu ya miƙa mini wayata, ya ɗauki sandarsa ya nufi turke, na bi shi. Ya sunkuya da ƙyar, ya ɗaga ƙafar dokinsa ta gaba, ya shafa daga gwiwa zuwa kofato. Sai ya kira jikansa, ɗan shekara goma sha biyu, ya kama hannun yaron ya ɗora a wurin ya ce, "Taɓa nan. Ka ji ɗumi? Gobe ba kilisa."